Sabon gidan abinci mai jerin ɗanɗano: a je yanzu ko a dakata?

Wani ɗan'uwa mazaunin Landan ya tambaya cewa an buɗe wani gidan abinci na alfarma kusa da wurin aikinsa, ko wata ɗaya bai cika ba. Irin gidan nan ne da mutum ba ya zaɓar abin da zai ci, sai dai a riƙa jero masa ƙananan faranti ɗaya bayan ɗaya, wajen 12, a kan fam 140 kowane mutum. Yana so ya kai mai ɗakinsa don murnar zagayowar ranar aurensu. Yana son sanin ko kuɗin zai biya buƙata, ko za su ƙoshi, da kuma yadda zai yi da batun halal.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Amsata a taƙaice ita ce: in ranar za ta ɗagu, ka ɗaga ta zuwa lokacin da gidan zai cika wata biyu ko uku. In ba za ta ɗagu ba, ku je, amma ka zaɓi Laraba ko Alhamis, ka kama zaman farko, kuma ka rubuta musu saƙo tun yau a kan abin da ba ku ci. Na daɗe ina aikin kula da teburan baƙi a gidajen abinci irin waɗannan, har da waɗanda aka buɗe da ni, don haka bari in faɗa maka dalili, domin in ka gane yadda abin yake tafiya daga ciki, sauran shawarar kai ma za ka iya yanke ta.

Jerin ɗanɗano ya sha bamban da cin abincin da muka saba. A gidan abinci na yau da kullum, kai ke duba menu ka ce ga abin da kake so, a kawo maka faranti ɗaya cike. A nan kuwa babban kuku ne ya tsara komai tun kafin ka shigo: abin da zai fara taɓa harshenka, abin da zai biyo baya, inda za a sa mai tsami don ya wanke maiƙon da ya gabata, har zuwa kayan zaƙi. Salon ya samo tushe a Faransa. A ƙarni na 19 aka bar al'adar shimfiɗa duk abinci a tebur lokaci guda aka koma kawo shi bi da bi, sannan a shekarun 1970 masu sabon salon girkin Faransa suka ƙanƙanta faranti, suna koyi da kaiseki, wato tsarin jera ƙananan faranti na gargajiyar Japan. Gidan elBulli na Ferran Adrià a Sifaniya, wanda ya rufe a 2011, ya kai abin har sama da faranti 30 a zama ɗaya. Yawancin gidajen yau suna tsayawa tsakanin 8 da 15, kuma zaman yakan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku da rabi.

Yanzu ka yi lissafi da ni. A ce gidan yana da kujera 30, kowa zai ci faranti 12. Faranti 360 ke nan za su fita daga kicin a dare ɗaya, kowane a kan minti nasa, da zafinsa, kuma tebur na kusa da ku yana faranti na huɗu lokacin da ku kuke na tara. Tun zamanin Auguste Escoffier, shahararren kukun Faransa da ya tsara kicin ɗin otal ɗin Savoy a nan Landan daga 1890, ake raba aikin girki sashe-sashe: mai kifi daban, mai nama daban, mai romo daban, mai kayan zaƙi daban. Farantin da ke gabanka hannu uku ko huɗu ne suka haɗu a kansa cikin daƙiƙoƙi. In mai romo ya makara da minti biyu, kifin ya wuce lokacinsa. In mai ɗaukar faranti bai kwashe na baya ba, na gaba yana zaune yana hucewa. Abin da kake biya da tsada, fiye da naman da kifin, shi ne wannan jituwar ta mutane wajen ashirin da suke motsi kamar mutum ɗaya. Ita ce kuma ba ta samuwa a makon farko, komai gwanintar kuku. Ko amaryar da ta fi kowa iya girki a gidansu, makon farko a ɗakinta tuwonta kan yi ruwa, don ba ta san halin murhun ba tukuna.

A sabon gida tanda sabuwa ce, ba a gama sanin kusurwar da ta fi zafi ba. Mai kawo kifi bai gama sanin girman da kuku yake so ba. Cikin ma'aikatan da aka ɗauka, wasu za su ajiye aiki tun a watan farko a kawo sababbi. Sannan akwai wata cuta da na gani kusan ko'ina: kukun da ya shekara yana mafarkin buɗe nasa gidan yakan so ya nuna duk abin da ya iya a menu na farko. Sai ka ga faranti uku masu maiƙo a jere, ko gishiri ya taru a baki kafin a kai tsakiya, ko abu bakwai a kan faranti ɗaya alhali huɗu sun isa. Baƙin watannin farko su ne suke koya masa abin da zai cire, ta hanyar abin da suke bari a faranti. Kowane kuku na ƙwarai yana duba farantin da ya dawo kicin. Bayan wata uku za ka tarar jerin ya ragu, ya daidaita, ya fi daɗi, kuma sau da yawa kuɗin bai canja ba.

Shi ya sa masu sharhin abinci na manyan jaridu suke da al'adar ba sabon gida makonni kafin su rubuta hukunci, wasunsu kuma sai sun je sau uku. Kamfanin tayar mota na Michelin, wanda ya fara buga littafin jagora na matafiya a 1900 ya kuma fara ba fitattun gidajen abinci tauraron yabo a 1926, yana auna gida da abu biyar: ingancin kayan girki, ƙwarewar dafuwa, jituwar ɗanɗano, bayyanar halin kuku a abincinsa, da dawwama a kan inganci ɗaya kowane lokaci. Huɗun farko sabon gida zai iya samunsu ranar da ya buɗe. Na biyar sai da lokaci.

Sai dai ba kowane sabon gida ne sabo ba, kuma wannan shi ne abu na farko da zan so ka bincika. Dubi gidan abincin Chishuru da ke Landan, na Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna. Ta fara a wani ɗan ƙaramin wuri a kasuwar Brixton a 2020, ta koma unguwar Fitzrovia a watan Satumba na 2023, ta samu tauraron Michelin a watan Fabrairu na 2024, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu hakan a Birtaniya. Wata biyar kacal tsakanin buɗe sabon wurin da samun tauraro, amma girkin nata, har da sinasir ɗin da take kawowa, ya riga ya sha gwaji a gaban mutane shekaru kafin nan. Akoko kuwa, na Aji Akokomi, ya buɗe a 2020 ana tsakiyar annobar korona, bai samu nasa tauraron ba sai a watan Fabrairu na 2024 shi ma. Ikoyi na Jeremy Chan da Iré Hassan-Odukale ya buɗe a 2017, ya samu tauraro a 2018, na biyu a 2022, amma farkonsa bai zo da sauƙi ba: 'yan Najeriya da dama sun je da tsammanin abincin gida, suka tarar da wani abu daban da aka gina a kan kayan ƙamshin Afirka ta Yamma, suka fita ba su ji daɗi ba. Don haka ka nemi sanin ina kukun gidan da kake magana ya yi aiki a baya, ko ya taho da mutanensa, ko ya taɓa gwada wannan abincin a wani wuri na wucin gadi. In tsohuwar tawaga ce ta sauya gini, haɗarin kaɗan ne. In kuwa attajiri ne ya zuba kuɗi ya tattaro mutanen da ba su taɓa aiki tare ba, ka jira.

Kada yabon da kake gani a Instagram da TikTok a makonnin farko ya ruɗe ka. Galibin masu ɗora hotunan gayyatarsu aka yi suka ci kyauta, kuma kicin ya san teburinsu. Ka nemi ra'ayin wanda ya biya da aljihunsa a daren da gidan ya cika. Akwai kuma makin tsafta daga 0 zuwa 5 da hukumar kula da abinci ta Birtaniya take wallafawa a intanet. Sabon gida sau da yawa za ka ga an rubuta ana jiran dubawa, wannan ba laifi ba ne, alama ce kawai ta cewa jami'an ƙaramar hukuma ba su kai gare shi ba tukuna.

Akwai ribar zuwa da wuri, ba zan ɓoye maka ba. Babban kuku yana kicin kowane dare, ba ya tafiye-tafiye. Ma'aikata suna cikin ɗoki, kowane baƙo yana da daraja a idonsu. Tebur yana samuwa, alhali in gidan ya yi suna sai ka jira watanni, kuɗin ma yakan hau bayan tauraro. Wasu gidajen kuma suna yin buɗewar gwaji ta mako ɗaya ko biyu da ragi mai yawa a kan abinci, wani lokaci har rabi. In da ragi, cinikin adalci ne: kai ka haƙura da tuntuɓensu, su kuma su sauƙaƙa maka. Abin da ba na so shi ne gida ya karɓi cikakken kuɗi alhali yana gwaji a kan mutane. Ka tambaye su kai tsaye ko suna cikin lokacin gwaji.

Yanzu batun halal, wanda a wurina ya fi duk sauran nauyi, kuma nan ne sabon gida ya fi rauni.

Yawancin mutanenmu suna cewa "ba na cin alade, ba na shan giya" su ɗauka sun gama. A irin wannan girkin ba su gama ba. Naman alade a fili shi ne mafi sauƙin kaucewa. Wanda yake ɓoye shi ne matsala: kitsen alade da ake shimfiɗawa siriri a kan kifi ko gurasa har ya narke ba ka ganinsa, ƙashin cinyar alade da ake jefawa cikin romo don ƙarin ɗanɗano, da jelatin da ake daskarar da kayan zaƙi da shi, wanda galibinsa a Turai daga fatar alade ake yi. Giya kuma ta fi haka yaɗuwa. Romon girkin Faransa sau da yawa da giyar inabi ake haɗa shi, ja ga nama, fara ga kifi. Gidajen da suke ɗaukar salon Japan suna amfani da giyar shinkafa iri biyu da ake kira sake da mirin, kuma mirin na asali yana da barasa wajen kashi 14 cikin 100. Kayan zaƙi ana jiƙa su da rum ko brandi. Sannan ga naman kansa, saniya ko rago ko agwagwa, wanda in ba a faɗa maka akasin haka ba, ka ɗauka ba yankan Musulmi ba ne, kuma romon ƙashinsa yana iya shiga har cikin farantin kayan lambu.

Za a iya ce maka giyar tana ƙonewa a wuta. Mai faɗa maka ba ƙarya yake nufi ba, haka aka koya masa, amma ba daidai ba ne. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 1992, wanda ma'aikatar noma ta ƙasar take amfani da alƙalumansa, ya nuna cewa in an kunna wa giya wuta a kasko kimanin kashi 75 na barasar yana nan. In an dafa minti 15, kashi 40 ya rage. Bayan awa ɗaya, kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauka zuwa kashi 5. Hukuncin ɗan abin da ya rage, da hukuncin ruwan tsami na inabi, da na zama a ɗakin da wasu suke shan giya a nasu teburin, wannan fagen malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Nawa shi ne in gaya maka abin da ke cikin tukunya.

Dalilin da ya sa na ce ka rubuta tun yau shi ne, a jerin ɗanɗano ba a girka maka abinci lokacin da ka zauna. Romon da za a zuba maka cokali biyu ranar Alhamis wataƙila tun Talata aka ɗora ƙashinsa. In ka zauna sannan ka ce ba ka son giya, ba yadda za a cire ta. Tsohon gida yana da mafita a ajiye, don ya sha karɓar Musulmi da Yahudawa da masu juna biyu da masu cin ganye zalla, yana da romo na biyu da kayan zaƙi na biyu. Sabon gida da ƙyar yake riƙe da jerinsa guda ɗaya. In ka zo masa ba zato, ko dai a cire romon a ba ka kifi gaya, ka biya fam 140 a kan rabin abinci, ko kuma, wanda ya fi muni, wani sabon ma'aikaci da bai san abin da ke ciki ba ya ce maka babu komai.

Saƙon ya zama a rubuce, ta imel, aƙalla mako ɗaya kafin ranar. Ka ce ku biyu Musulmi ne. Ba ku cin alade da duk abin da aka samu daga gare shi, har kitse da romo da jelatin. Ba ku cin abin da aka dafa da giya kowace iri, har mirin da sake, ko da an ce ta ƙone. Ba ku cin nama ko romon nama sai na halal. Sannan ka yi tambaya biyu: za su iya samo naman halal in an ba su lokaci, in kuma ba za su iya ba, suna da cikakken jeri na kifi da kayan lambu wanda babu giya a ciki? A Landan samo rago ko kaza na halal mai kyau ba wuya ba ne ga gidan da ya so. Amma shawarata ga sabon gida ita ce ka zaɓi jerin kifi, domin ya fi sauƙin tsarewa, kuma a irin waɗannan gidajen farantin kifi sau da yawa shi ne inda gwanintar kuku ta fi fitowa. Ka faɗa musu ko kuna cin jatan lande da ƙaguwa da sauran kayan teku, da ko za ku iya cin ɗanyen kifi, don kusan tabbas akwai shi a faranti na farko ko na biyu. In ɗayanku yana da abin da jikinsa ba ya karɓa, kamar gyaɗa ko riɗi, ka rubuta shi daban. Doka a Birtaniya ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da irin wannan rashin lafiya, amma alade da giya ba sa cikinsu, don haka kada ka dogara da wannan takardar wajen halal.

Amsar da za su ba ka ita ce jarrabawar gidan. In suka dawo da bayani faranti bayan faranti, suka ce wannan za mu canja, wancan ba za mu iya ba, to mutanen kirki ne masu tsari, ka je da kwanciyar hankali. In suka ce gaskiya a yanzu ba za su iya ba, ka gode musu, sun mutunta ka. Wanda nake tsoro shi ne mai amsa "ba matsala" cikin layi ɗaya. Ranar da kuka je kuma, kafin faranti na farko, ka sa mai hidimar teburinku ya maimaita maka abin da aka rubuta a takardarku.

Za a yi muku tayin abin sha da aka haɗa da kowane faranti. Na giya ba naku ba ne, kuma kuna iya cewa a kwashe kofunansa daga teburin. Akwai wanda babu giya, na ruwan 'ya'yan itace da shayi da jiƙe-jiƙe, wani lokaci har da zoɓo ko tsamiya. Wasu gidajen sun ƙware a kansa ƙwarai, amma ka tambaya ko akwai abin da aka tsimar kamar kombuca, ko giyar inabi da aka cire wa barasa, domin irin wannan takan riƙe har kashi 0.5. A sabon gida, wannan jerin shi ne abin da aka fi barin gyaransa zuwa ƙarshe, sai ka sha kofi shida na zaƙi ya kashe maka baki. Ni da zan zaɓa, kofi ɗaya ko biyu da ruwa sun wadatar.

Kuɗi. Fam 140 ɗin ya haɗa da harajin VAT na kashi 20, amma bai haɗa da kuɗin hidima ba, wanda a Landan yakan zama kashi 12.5, wasu gidajen 15. Ku biyu fam 280. In kun ɗauki jerin abin sha, a ce fam 60 kowanne, kun kai 400, kuɗin hidima ya ƙara 50, ka tashi a 450. Ruwan kwalba da shayin ƙarshe daban ne. Za a kuma zo muku da tayin ƙari cikin murya mai daɗi, ƙwan kifi na caviar ko naman wagyu, ba tare da an ambaci farashi ba wani lokaci. Ka tambayi nawa ne, babu kunya a ciki, kuma jerin an tsara shi ya cika ba tare da su ba. Yawancin irin waɗannan gidajen suna karɓar kafin alƙalami ko lambar kati lokacin kama tebur, kuma in ka fasa cikin kwana biyu ko uku na ƙarshe kuɗin ya tafi, don kujerar da ta zauna babu kowa asara ce da ba sa iya mayarwa. Ka karanta sharaɗin. Ka kuma duba ko suna abincin rana: yakan zo da faranti kaɗan, kuɗi ƙasa sosai, kuku ɗaya, kicin ɗaya. Ga wanda bai taɓa cin irin wannan ba, na fi son ya fara da na rana.

Tsadar ba duka riba ba ce. Ma'aikata a irin wannan gida sukan kusa yawan baƙi. Gidan abincin Noma na birnin Kopenhagen a Denmark, wanda aka sha zaɓa gidan abinci na ɗaya a duniya, ya sanar a watan Janairu na 2023 cewa zai daina hidimar yau da kullum, mai shi René Redzepi ya ce tsarin ba mai ɗorewa ba ne in ana so a biya ma'aikata yadda ya kamata.

Za ku ƙoshi? E, in dai jerin an tsara shi da hankali. Faranti uku na farko za su ba ka tsoro, loma ɗaya ɗaya ne. Amma akwai abin da masana suka tabbatar tun binciken Barbara Rolls da abokan aikinta a Oxford a 1981: daɗin abinci ɗaya yana raguwa a baki tun kana cikin cinsa, alhali sha'awar wani ɗanɗano daban tana nan. Kuku yana ɗauke farantin kafin daɗinsa ya fara sauka ya kawo wani, shi ya sa mutum yakan ci fiye da yadda ya zata. Wajen faranti na takwas, bayan gurasa da man shanu, za ka ji cikin ya ɗauka. Ƙoshin dai ba irin na tuwo ba ne mai sa mutum ya nemi tabarma. Ku ci abu mara nauyi da rana, kada ku je da yunwa mai tsanani, domin a sabon gida tazarar faranti tana iya kai minti 20 ko fiye, mai yunwa kuma ba ya yi wa abinci adalci.

Kada cokula su dame ku, ana kawo na kowane faranti tare da shi, wasu ma za a ce ku ɗauka da hannu. Turawa suna riƙe cokali mai yatsu a hagu. Kai ka yanka, ka ajiye wuƙa, ka ci da damanka, babu wanda zai ɗaga ido. Kaftani da hula, atamfa ko leshi da mayafi, duk shiga ce ta mutunci a kowane ɗaki a Landan. Abu ɗaya zan roƙa, ka isar wa uwargida cikin lallashi: a rage turare a wannan daren, musamman humra da turaren wuta a tufafi. Rabin ɗanɗano ta hanci yake shiga, ƙamshi mai ƙarfi zai rufe muku abin da kuka biya, ya rufe wa maƙwabtanku. Ku iso a kan lokaci, don minti 15 na makara yana rikita jerin teburin da ke bayanku. Abin da aka kawo da zafi a ci shi da zafi, hoto ɗaya ya isa. In ba ku son nama mai ja a ciki, ku faɗa a cikin saƙon nan, domin rago da agwagwa haka ake kawo su. Yaji kuwa, ku ɗanɗana tukuna. Harshen da ya saba da attaruhu yakan ɗauki faranti biyu kafin ya fara jin abin da ke ƙasa.

Zaman awa uku yakan ci lokacin salla, musamman magariba, wadda a Landan take faɗuwa kafin ƙarfe 4 a tsakiyar hunturu, ta wuce ƙarfe 9 a tsakiyar bazara. Ka duba lokacin kafin ka zaɓi awa. In dole ku tashi a tsakiya, ka gaya wa mai hidima tun farko cewa bayan faranti kaza kuna buƙatar minti goma, sai ya sanar da kicin kada a ɗora na gaba. Tashi ba sanarwa yana nufin a zubar da abin da aka riga aka dafa a sake wani.

In wani abu ya lalace a daren, kifi ya zo da sanyi ko gishiri ya yi yawa ko an bar ku rabin awa ba komai, ka faɗa a lokacin, cikin ladabi, ga mai hidimar ko manajan ɗakin. Mu mutanen kawaici ne, mukan ce komai ya yi alhali bai yi ba, mu fita mu ba da labari a waje. Sabon gida yana buƙatar gaskiyarka fiye da yabonka, kuma gidan kirki zai sake farantin ko ya rage kuɗi ba tare da ka roƙa ba. Kuɗin hidima a Birtaniya galibi na ganin dama ne, in haka ne kana da ikon cewa a cire. Amma ka sani tun 1 ga Oktoba 2024 doka ta wajabta a miƙa shi gaba ɗaya ga ma'aikata, don haka in laifin na tsarin kicin ne, cire shi yaran da suka yi ta kai da kawo a kanku zai taɓa, ba mai gidan ba. Gara ka nemi a rage daga kuɗin abincin. In kuwa aka ba ku abin da kuka rubuta cewa ba ku ci, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne: ka tsayar da cin, ka nemi manaja, ka nuna masa saƙonka da amsarsu, washegari kuma ka rubuta wa gidan don a gyara kafin wani Musulmin ya zauna a wannan kujerar.